Ranar da Na Sungumi Alhaji Daga Kan Dandali

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Jiratawa ba, ko da ina son in manta, don mutanen Maraɗi sun rantse ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa kasuwa a kan babur, sai na ji wani ɗan iska a bayana yana kwaikwayon jiniyar ambilans. Ba na waiwayawa. Na san da ni ake, kuma na san ni na jawo wa kaina.

Ni tela ne a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Amma in ka tambaye ni a wancan lokacin sai in ce maka ɗan wasan kwaikwayo ne ni, ɗinki kuwa taɓawa kawai nake. Gaskiyar magana, sau ɗaya tak aka taɓa ba ni fitowa a ƙungiyarmu, a matsayin ɗan sanda, jimla biyu kacal zan faɗa, na hau dandali na ga idanun jama'a, na sara wa ɓarawon na sauko. Tun daga ranar shugabanmu, Mushe Isuhu (tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko), ya ce, "Kai, Allah ya ba ka jiki da zuciya mai kyau, amma bai ba ka baki ba. Riƙe mana tufafi da labule." Na riƙe kuwa, da alfahari.

Ana nan sai ga Lawali daga Tsibiri. Kullum a bayan kabu-kabu yake zuwa, ya maƙale mai babur da hannu ɗaya. Lawali yana da lalurar nan da ake haihuwar mutum da ita, wadda ke taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa gaɓɓai. Ƙafarsa ta dama jan ta yake, hannun dama a lanƙwashe, wani lokacin ya zabura ba da izininsa ba, magana kuma sai ya ja ta a hankali kafin ta fito. Hankali kuwa, tabɗi! Ranar farko da ya shigo repetisiyo, wato gwajin wasa, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannun nan da na hagu ya ce, "Ku gaisa da wanga. Ɗan adawa ne. Duk abin da gwamnati ta ce, shi sai ya yi akasi." Mushe Isuhu ya yi dariya har tabaraunsa ya faɗi. Kafin a tashi ranar, Lawali ya kwaikwayi mai shayin bakin tasha, da liman mai dogon karatu, da ni kaina yadda nake cizon zare.

Wallahi na so yaron nan (na ce yaro, alhali wata huɗu ya ba ni). Matsalar ita ce irin son da na yi masa. Na naɗa kaina mai kula da shi ba wanda ya roƙe ni. In zai zauna na riga shi jawo kujera. In ya ɗauki kofin shayi sai in tallabi gindin kofin. In ya fara magana ya ɗan tsaya, ni ne mai ƙarasa masa, kuma sau tari ba abin da zai faɗa ke nan ba. Ya sha ce mini, da sunan asalina da yake tsokanata da shi, "Bakatsine, bar ni in kai ƙarshen zancena, ba haya na ɗauko shi ba." Sai in yi dariya in ce a raina, Allah sarki, kawaici ne irin nasa. Ban taɓa kawowa da gaske yake ba.

Abin da ke cin Lawali a rai guda ne. Duk mai shirya fim ko ɗan wasan salula da ya neme shi, fitowa ɗaya ake ba shi: a zaunar da shi a bakin masallaci, jarumi ya zo wucewa ya jefa masa sadaka don a nuna jarumin mutumin kirki ne. Ko kuma a ɗauko lafiyayye garau ya karkace baki yana dalalar da yawu, a ce wai shi ne mai lalura, jama'a su yi ta dariya. Lawali ya ce shi dariya yake nema, sana'arsa ke nan, amma yana son a yi dariyar abin da ya faɗa. Ya ƙi fitowa irin waccan har sau uku, har aka fara cewa girman kai gare shi.

To sai ga dama ta zo. Wata Hajiya Balki, ɗiyar manyan 'yan kasuwar garin nan, ta shiga harkar shirya fim, tana neman wanda zai fito a matsayin attajiri mai rowa. Mushe Isuhu ya je har gida ya ce mata yana da mutum. Da ta ji Lawali ne sai ta ce ba ta ƙi ba, amma tana tsoron ko jikinsa zai ɗauki wahalar aikin, kada a je ana ɗauka ya faɗi a shiga uku. Mushe ya ce ta zo Jiratawa ranar Asabar, manoman lambu sun gayyace mu wasa, ta gani da idonta. Ta ce za ta zo. Murna a wurinmu ba a magana. Ni na ɗauki alkawarin babbar rigar da Lawali zai sa, na ɗinka mata aiki har ciki, ruwan ƙasa mai sheƙi, na rage tsawonta ta dama don kada ƙafarsa ta harɗe.

Ga inda Shaiɗan ya shigo. A makon ne wata ƙungiya ta kira masu sana'a na unguwarmu horon taimakon gaggawa, kwana uku. Na je, aka koya mana yadda ake kwantar da wanda ya suma, da yadda ake danna ƙirjin wani mutum-mutumin roba. Aka ba mu takardar shaida da 'yar jaka mai bandeji. Jama'a, na fito daga wurin nan ji nake saura kaɗan in zama likita. Ina tafe ina duban mutane, ko wani zai yi tuntuɓe. Maƙwabcina ya yi atishawa na tambaye shi ko yana ganin jiri. Saboda horon nan ban halarci repetisiyo uku na ƙarshe ba, kuma ban tambayi kowa ko an sauya wani abu a wasan ba. Me za a sauya? Ai na san wasan kamar tafin hannuna.

Ranar Asabar bayan azahar muka cika wata tsohuwar mota muka nufi Jiratawa, muna waƙa muna buga jikin mota. Lambuna kore shar hagu da dama, mata na ɗauke da buhunan tamaka (zogale ke nan, in kai ba ɗan gida ba ne). A filin lakwal aka haɗa mana dandali da tebura da katakai. Mutane kuwa kamar an yi shela da ruwan sama: manoma da laka a ƙafa, tsofaffi a kan tabarmi, mata sun yi gefe guda. Aka jera kujerun roba a gaba, ga Hajiya Balki a tsakiya da tabarau baƙi, tana fifita da gefen mayafinta. An aro mana mikro irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, ni da hannuna na maƙala wa Lawali. Na ga hannunsa na rawa fiye da kullum.

"Lafiya dai?" na ce.

"Tsoro ne," ya ce. "Kai ma ka taɓa jin shi, har ka sara wa ɓarawo."

Na yi dariya, amma likitan da ke cikina ya rubuta: hannu na rawa, ga zufa, ga rana. Na jawo jakar bandejina kusa da labule.

Aka fara. Wayyo, ina ma kuna wurin! Lawali ya fito a matsayin Alhaji mai kamyo uku, manyan motocin ɗaukar kaya, wanda ke sayen tamaka a hannun manoma da arha ya kai birni. Tafiyar tasa da mutane ke kawar da kai in sun gani, ita ya mayar tafiyar ƙasaita, yana jan ƙafa kamar ƙasar ma tasa ce. Jinkirin maganarsa ya zama na mai kuɗin da ya san dole a jira shi. Ya dubi buhu ya daɗe, ya daɗe, har filin ya yi tsit, sannan ya ce, "Wanga... ganye ne... ko shara?" Filin ya fashe. Wani tsoho ya miƙe yana nuna shi da sanda yana cewa wallahi ya san mutumin, ya sha sayar masa. Na leƙa ta labule na ga Hajiya ta cire tabarau. Zuciyata kamar ta fito don daɗi, ina ta tsalle ni kaɗai ina dukan cinya.

Sai aka zo wurin da yaron Alhaji (Mushe Isuhu ne da kansa, da ɗan gajeren wando) zai kawo labarin cewa manoma sun haɗa kai, sun ɗauki mota sun kai kayansu birni da kansu. A wasan da na sani, Alhaji zai zauna a kujera ya yi ta salati. Ina jiran ya zauna. Sai na ga Lawali ya ƙame. Idanunsa suka juye. Hannun nan ya zabura sama, hula ta yi gefe, ya yi juyi ɗaya, ya tafi luuu, ya zube a kan katako, tim! Ƙafarsa na karkarwa.

Ban ji dariyar da ake yi ba. Wallahi ban ji ba. An ce mini filin kamar zai tsage, ni kuwa abin da na ji kawai shi ne wata murya a kaina tana cewa, ga ranarka ta zo.

Na banke labule na faɗa dandali da jakata, ina ihu, "Ku ba shi iska! Ku ja baya! Ni na yi horo!" (Babu kowa kusa da shi sai Mushe Isuhu, shi ma na ture shi har ya zauna a kan buhu.) Na durƙusa, sai duk abin da aka koya mana ya tsere, na kakata kaɗai ya rage. Na fasa ledar ruwa biyu na sheƙa masa a fuska, na tofa masa addu'a, na kama babban yatsan ƙafarsa na ja. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Na ga leɓɓansa na motsi.

"Yi shiru, Lawali," na ce. "Kada ka wahal da kanka. Ina nan."

Ya sake yunƙurin magana, na ɗora masa hannu a baki. Sannan na sungume shi, da babbar riga da komai, na saɓa a kafaɗa kamar buhun gero, na diro daga dandali na ratsa tsakiyar jama'a a guje, ina kiran direba ya tada mota, a tafi likita. Na bi ta gaban Hajiya Balki har gefen rigar ya shafi fuskarta. Mutane suka dare. Wasu na dariya don sun ɗauka cikin wasan ne, wasu mata sun fara salati don sun ga fuskata ba wasa a cikinta.

Kun tuna Lawali sai ya ja magana kafin ta fito? To sai da na kusa ƙofar lakwal ta fito. Kuma mikron da na maƙala masa da hannuna yana nan a kunne. Daga manyan lasifikoki biyu, duk Jiratawa har masu ban ruwa a lambu suka ji:

"Kai... ɗan banzan tela... sauke ni... WASA nike!"

Na tsaya cak.

Ban san ko kun taɓa tsayawa a tsakiyar fili da ƙaton mutum a kafaɗa, ruwa na ɗiga daga gemunsa zuwa bayanku, mutum ɗari da wani abu suna kallonku ba. Nan take aka kece da dariya. Tsohon nan mai sanda ya kwanta a tabarma yana shure-shure. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni, kunnuwana suka yi zafi, na rasa ko in sauke shi, ko in ci gaba da gudu har Maraɗi kada in sake dawowa.

Lawali ne ya cece mu. Yana rataye a kafaɗata, kai a ƙasa, ya gyara murya ya koma Alhaji. "Jama'a kun gani? Mai kuɗi... ko suma ba a bari ya yi cikin natsuwa. Magada sun ƙosa!" Ya ɗaka mini duka a baya da hannun hagu. "Direba, juya. Ban bar wasiyya ba." Haka na juya, na tako a hankali, na mayar da shi dandali, na tsayar da shi, na ɗauko masa hularsa. Ya ƙarasa wasan a jiƙe sharkaf. Aka yi tafi har da guɗa. Ni kuwa na shige bayan labule na zauna a kan akwatin tufafi, na rufe fuska da wandon ɗan sanda.

Da aka tashi na ɗauka zai zo yana dariya, mu tafa. Ya shigo, ya cire mikron da kansa, ya daɗe yana fama da maƙalin, na miƙa hannu zan taya shi, ya dube ni, na janye. Ba dariya a fuskarsa ko kaɗan.

"Ka san tun yaushe nike koyon hwaɗuwar nan?" ya ce. "Wata biyu, a ɗakina, bisa katihwa. Sai makon nan na nuna ma Mushe." Ya tsaya yana jan numfashi, kuma a karon farko tun da na san shi na bar shi ya kai ƙarshe. "Tun ina ƙarami hwaɗuwa nike. A lakwal, a masallaci, a gaban 'yan mata. Ba wadda na zaɓa. Yau ce rana ta hwarko da na hwaɗi don na ga dama, a inda na so, a lokacin da na so. Kai kuma ka zo ka nuna ma matar nan abin da take tsoro."

Sai a lokacin na tuna abin da Hajiya ta ce wa Mushe. Ni da nake cewa ba wanda ya kai ni son Lawali, ni ne na tsaya a gaban duniya na yi shelar cewa jikinsa ba zai iya ba. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Na ga hannunka na rawa."

"Shekara talatin da ɗaya shina rawa," ya ce. "Yau ka gani?"

Muna haka Mushe Isuhu ya ɗaga labule, Hajiya Balki na bayansa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Sannu likita." (Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.) Sannan ta juya wurin Lawali ta ce ita fa har yanzu ba ta gane ba, faɗuwar nan da gaske shiri ce, ko dai ya waske ne don ya rufa wa kansa asiri? Ta ce ta ga ƙafar na karkarwa, ita ma gabanta ya faɗi.

Lawali bai yi gardama ba. Ya ce a matsar da akwati. Ya gyara jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ce wa Mushe ya sake kawo labarin. Mushe ya faɗa. Nan a gabanmu, taku biyu daga inda nake, idanun suka juye, hannu ya tashi, juyi ɗaya, luuu, tim! Daidai da na ɗazu, har inda hular ta faɗa. Jama'a, na san wasa ne, an gaya mini da lasifika, amma wallahi sai da ƙafafuna suka motsa. Na cusa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina na danne su, na rufe ido ɗaya. Ya yi kwance yana karkarwa, ya ƙirga abin da zai ƙirga, sannan ya dafa ƙasa da hagu, ya jawo ƙafa, ya yunƙura. Ya daɗe kafin ya miƙe. Ba wanda ya taɓa shi. Ya tsaya yana haki ya ce, "Hajiya, sau nawa kike so? Akwai ta gefen hagu ma, amma ta hi tsada."

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ranar Litinin ya same ta a biro, wato ofishinta, attajirin nan nasa ne. Ta ƙara da sharaɗi guda, tana nuna ni da tabarau: ranar ɗauka, a ɗaure wannan a gida. Na yi ihun murna har na manta ni ake wa tsiya, na taso zan rungume shi in ɗaga sama, Mushe ya daka mini tsawa na koma na zauna.

Kwana tara Lawali bai amsa gaisuwata ba. A na goma ya turo mini rigar da mai kabu-kabu, da saƙon cewa ruwa ya ɓata aikin wuyan, in gyara, kuma in ƙara aljihu a hagu. Na gyara, na kai masa Tsibiri da kaina. Ya zuba mana shayi, rabi a kofi rabi a tire, na zauna ina kallo ban kai hannu ba, muka sha abin da ya samu shiga.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka taimaki mutum, tambaye shi, kuma ka tsaya ya ba ka amsa ko da za ta ɗauki lokaci. Na riƙe wannan gam, har ya so ya yi yawa. Makon jiya wata tsohuwa ta zame a bakin famfon unguwarmu, tulu ya fashe, na ruga na tsaya a kanta na ce, "Inna, kina son a ɗaga ki, ko da niyya kika yi?" Ta dube ni daga ƙasa ta ce, "Ɗan nema, uwarka ce ke hwaɗuwa da niyya?" Na ɗaga ta. Tana zagina ina jin daɗi, don ko ba komai wannan karon na bari an gama magana.